Hancin Motar Jalo

Duk wanda ya san Malam Jalo na cikin birnin Zariya, da hancinsa ya san shi. Ba girma hancin ya yi ba, aiki ne ya yi masa yawa. In ka miƙa masa goro, sai ya kai hanci kafin ya kai baki. In ka ba shi ruwa a kofi, sai ya shinshina. Na taɓa ganinsa yana shinshinar sabuwar shimfiɗar masallaci kafin ya ɗora goshi, wai wani wari ya ji, yana so ya tabbatar ba wani abu aka fesa ba.

Ni sunana Sabo, aikin babbar riga nake yi a zauren gidanmu, nan kusa da Ƙofar Gayan. Jalo abokin wasana ne, domin mahaifiyarsa, Gwaggo Sa'adatu, ƙanwar babana ce. Saboda haka ina da damar faɗa masa abin da ko limamin unguwa ba zai iya faɗa masa ba, kuma ba na wasa da damar nan. Mutumin yana ba ni haushi ƙwarai, kuma ina ƙaunarsa, ban taɓa iya raba biyun ba.

Sana'arsa hatsi. Tun yana saurayi yake bin kasuwannin Giwa da Maƙarfi da Soba, ya sayo masara da dawa ya kawo birni. A can hancin ya samo asali. Farkon fitarsa shi kaɗai, wani dillali mai fara'a ya rungume shi, ya kira shi ɗan'uwa, ya saya masa fura, sannan ya ɗora masa buhunan masarar da ruwa ya taɓa, busasshiya a sama, ruɓaɓɓiya a ƙasa. 'Yan kasuwa suka daɗe suna yi masa dariya. Daga ranar Jalo ya yanke wa kansa hukunci biyu. Ba ya sayen hatsin da bai tura hannu har gindin buhu ya ɗebo ya shinshina ba, kuma duk mai yi masa fara'a akwai abin da yake nema. Hukuncin farko ya yi masa rana, don ba a sake cutarsa a kasuwa ba. Na biyun ne ya biyo shi har gida.

A wannan ƙuruciyar ce kuma ya tsinke layar da ke wuyansa tun yana goye, ya ajiye wa Gwaggo a kan gado, ya ce ya ji wa'azi, laya jahilci ce. Gwaggo ta ɗauke abinta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kunu. Gwaggo takan dama masa kunun tsamiya da hannunta, ta kira shi ɗakinta ta miƙa masa. Sai ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce an gode Inna, sannan ya kai hanci. Wallahi ba ya ma sanin ya yi. Ita kuwa sai ta juya kai ta hau neman wani abu a ƙarƙashin gado, abin da bai ɓata ba. Na sha gani, na sha yi masa magana, kullum amsarsa ɗaya ce: ƙamshin yake ji. Matarsa Rahmatu ta daɗe da sallamawa. Ta ce ita dai in ya shinshina ya ci, ta gode Allah.

Gida ɗaya suke zaune da ƙaninsa Rilwanu, malamin firamare, mutum mai sanyin da har yakan ba ni haushi shi ma. Sashen Jalo yana gabas, na Rilwanu da matarsa Rukayya yana yamma, ɗakin Gwaggo a tsakiya yana kallon rijiya. Zaure ɗaya, tsakar gida ɗaya, murhu biyu amma kwano yana ƙetarawa kullum.

Bayan shekaru yana hayar motocin mutane, yana zargin kowane direba da huda masa buhu, Jalo ya sayi tasa a-kori-kura, fara, 'yar Beljiyam. Lungunmu ba ya ɗaukar mota har ƙofar gida, sai ya gyara kangon da ke jikin katangarsu, ya yi masa rufin kwano da ƙyaure. Ranar da ya kawo ta bai yi walima ba. Gwangwanin jan fenti ya sayo, ya karyo tsinken tsintsiya, ya buɗe bonet ya bi kowane ƙarfe da kowace roba yana ɗiga mata jan ɗigo a inda ido ba ya kaiwa. Ya ji labarin cewa a gareji ana cire wa mota kayanta na asali a mayar mata da na banza, shi ya sa. In ya kai ta gyara, ba ya zama a benci. In makanike ya shiga ƙarƙashin mota, Jalo ma sai ya tattare riga ya bi shi. Makulli kuwa a aljihun 'yar cikinsa yake kwana.

Sau ɗaya tak makullin nan ya bar hannunsa. Lokacin da Gwaggo ta kwanta ciwonta na ƙarshe, ranar komawarta asibiti ta zo daidai da Jalo yana kwance da zazzaɓi, ko tsayuwa ba ya iyawa. Aka ce a kira mata keke mai ƙafa uku, ta ce bayanta ba zai ɗauki girgiza ba. Ta sa aka rirriƙe ta har ƙofar ɗakinsa, ta ce, "Jalo, ba ƙaninka makulli ya kai ni."

Ba ya iya yi mata musu. Ya miƙa makullin kamar ana cire masa haƙori. Suka tafi, suka daɗe fiye da yadda ya ƙiyasta, kuma da suka dawo ya lallaɓa da bango har kango, jikinsa na rawar sanyi, ya duba jajayen ɗigonsa. Duk wanda idonsa ya kai gare shi yana nan. Ba a daɗe ba Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa.

Da damina ta kankama sai motar ta fara wani hali. In an tayar da ita ba ta tsayawa a silo, wato kiɗan inji in mota tana tsaye, sai ta riƙa hawa da sauka kamar mai haki. Salansa na fitar da baƙin hayaƙi, mai kuwa tana shansa kamar an huda tanki. Wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. In ya taka totur da kaya a baya sai ta yi jim, kamar tana shawara, wani lokaci ta mutu a tsakiyar lungu, masu keke su taru a bayansa suna ta hon.

Ya fara da zargin gidan mai. Ya canza gidajen mai har ya rasa na canzawa, kowanne sai ya sa a zuba masa kaɗan a murfi ya shinshina. Ya zargi wani maƙwabci da ya taɓa cewa motar ta yi kyau. Ya canza fulogi, bai ga canji ba. Daga ƙarshe ya haƙura ya kai ta wani gareji a Tudun Wada inda ake sa wa mota kwamfuta.

Makaniken ya duba ya ce, "Malam, sensar iska ce. Wannan 'yar robar da ke jikin tiyo bayan iyakilina, akwatin tace iska. Ita ce hancin mota. Ita ke shinshinar iskar da ke shiga, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan man da za a sako. In hancin ya toshe, ƙarya zai riƙa yi mata, ita kuma ta yi ta zuba mai ba lissafi."

Bayanin ya shige Jalo, don an yi masa magana da yarensa. Amma da makaniken ya ce a bar motar ya nemo sabuwa ya sa, kuma ya yi murmushi, sai Jalo ya rufe bonet ya ce zai yi tunani. Ya wuce Sabon Gari ya zaga shagunan kayan mota, kowanne ya tambaya ya fita, sannan ya koma wurin wanda ya fi ɗaure masa fuska. Ya sa aka buɗe kwali a gabansa, ya gwada lambar da ke jiki da wadda ya kwafo, ya shinshina, ya saya. A hanyar dawowa motar ta mutu masa cikin ruwan sama, ya tura ta shi kaɗai don bai yarda da waɗanda suka zo taimako ba. Ya iso gida sharkaf, washegari mura ta rufe masa hanci ruf.

Da yamma ya zo zaurena da muryar mura ya zauna kusa da ni.

"Sabo, na gano abin," in ji shi. "Ɗigon sensar nan a ƙarƙashinta na yi shi, sai an kwance ake gani. Ranar da Rilwanu ya fita da motar ban duba ta ba. Me ya tsayar da su a hanya?"

"Layin asibiti," na ce.

"Ko layin gareji."

Na ajiye allura. "Kai bawana, ka ji abin da bakinka ke faɗa? Ƙaninka, da uwarku ba lafiya a cikin mota, zai tsaya ya sayar da hancin motarka?"

"Ni ban ce ya sayar ba. Na ce zan duba. Gobe da hantsi ka zo. Ba taimako nake nema ba, shaida nake so."

Na je. Ya shimfiɗa buhu a gefen mota, ya jera sufana da sukurdireba da filaya a kai. Ya kwana biyu yana kallon yadda ake aikin a waya, kuma bai tsaya ga mutum ɗaya ba, wai kada ya zama wannan ɗin maƙaryaci ne. Gaskiya in faɗa, hannunsa yana da tsabta a aiki. Ya fara kwance kan batir na baƙar waya ya kawar da shi gefe. Ya danne ɗan harshen soket da babban yatsa ya zare shi a hankali, bai ja wayar ba. Ya cire hularsa ya kife ta a kan buhu, ya kwance 'yan sukurorin da ke riƙe da sensar ya zuba su ciki. Sannan ya ɗan murɗa ta ya zaro ta daga jikin tiyo.

Ya juya ta ya duba ƙasanta. Jan ɗigon yana nan, da ɗan jelar da tsinken tsintsiya ya bari.

"To alhamdulillahi," na ce. "Taka ce. Sai ka nemi gafarar Allah, ka sa sabuwa mu tashi."

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Mutumin da ya ɗauki mako yana gina zargi ba ya son a rushe masa shi da safe ɗaya. Ya ɗaga sensar wajen haske ya leƙa cikinta. Akwai wasu 'yan wayoyi sirara kamar gashi, waɗanda aka ce ko da yatsa kada a taɓa su. Sun yi baƙi, wani maiƙo ya lulluɓe su, ƙura ta manne a kai.

"Maiƙo," ya ce. "Iska ce kaɗai ke bi ta nan, kuma ta riga ta ratsa filta. Maiƙo daga ina?"

Ya ɓalle maɓallan akwatin iyakilina ya ɗaga murfin. Filta lafiya lau, don yana kakkaɓe ta a kai a kai. Ya sassauta ɗaurin tiyo ya cire murfin gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi ba, ya kife shi. A can ciki, dab da bakin da iska ke fita, an ɗaure wani ɗan abu da zaren saƙa. Laya ce, tsohuwa, fatar ta yi baƙi tana ƙyalli saboda mai.

Jalo ya ja da baya har ya taka hularsa. Mutumin da ya ce laya jahilci ce ya hau karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya ɗauki filaya ya tsinke zaren, ya ɗago layar nesa da jikinsa kamar ya kamo kunama.

Ni kuwa tun da ya kife murfin wani ƙamshi ya doke ni. Gwaggo tana da turaren da take haɗawa da kanta, miski da sandal da kajiji a cikin mai, tana ajiye shi a wani tsohon kumbo. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakinta ya san ƙamshin nan, yana kama tufa ya kwana. Sai da na ji ƙwalla ta taru mini.

"Jalo," na ce, "turaren Gwaggo ne. Shinshina ka ji."

Ya matso da ita kaɗan, ya ja hanci, hancin ya yi ƙara kawai. "Ni ban ji komai ba."

"Ai mura kake yi."

"Ka gani ko? Sai ranar da hancina ya toshe."

"Kai ka zaɓi ranar, ba ni ba."

Bai saurare ni ba. Ya leƙa ta ƙyaure ya ƙwala wa Rilwanu kira. Ranar Asabar ce, yana gida. Ya shigo kangon yana gyara hula, ya ga abin da ke bakin filaya, ya tsaya cik.

"Ka san wannan?" in ji Jalo.

"Na sani, Yaya."

"Wa ya sa a motata?"

"Ni na sa."

Na ɗauka zai yi musu, Jalo ma haka ya ɗauka. Sannan ya ce, "Wa ya ba ka? Wane malami ka je wa a kaina?"

"Ban je wurin kowa ba. Amana aka ba ni, aka ce kada in faɗa."

Rahmatu, da ta ji hayaniya ta zo ta tsaya a bakin ƙyaure, ta ce a hankali, "Malam, ko daga nan ina jin ƙamshin ɗakin Inna."

Jalo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na san wannan kallon, shi yake yi wa buhun da ya fi kyau a sama. "Har da ke," ya ce. "To na gane. Kun ga ta rasu, ba ta da bakin musu, shi ne za ku jingina mata. Motar da nake ci da ita, nake ciyar da gidan nan da ita, aka ɗaure mata numfashi. Rilwanu, ni ba zan kai ka gaban kowa ba. Amma ba zan sake kwana gida ɗaya da wanda ya yi mini wannan ba. Katanga zan ja daga zaure har rijiya, in fasa ƙofata ta nan kango. Kowa ya san gabansa."

Rilwanu ya juya ya fita. Na ji kamar in bi shi in shaƙe shi.

Jalo ya ƙarasa aikinsa. Ya goge cikin murfin tas ya mayar, ya ɗaure tiyo. Ya fito da sabuwar sensar daga kwali, ya duba 'yar kibiyar da ke jikinta don ta kalli wajen inji, ya zura ta har zoben robar ya zauna daidai. Ya tsince sukurorin daga hular da ya taka, ya ɗaura su, ya tura soket har ya ji ƙas, ya mayar da kan batir. Bai manta da jan ɗigo ba. Da ya murɗa makulli, motar ta tashi ta ɗan yi gargada, sannan ta daidaita, tana kiɗa a hankali kamar ranar da aka kawo ta. Hayaƙin ya washe.

"Ka gani da idonka," ya ce. "An cire abin, mota ta tashi."

"An sa sabuwar sensa, mota ta tashi. Man turare ne ya toshe tsohuwar."

"Ai dole ka ce haka."

Ya zuba layar da tsohuwar sensar a leda, ya ƙulle, ya sake sa ta a wata ledar, ya rataye a ƙusa a jikin bangon kango, don ba zai shiga da ita gida ba. Niyyarsa ya kai wa malami a warware. Sai dai duk malamin da aka ambata masa, sai ya tuna ya taɓa ganinsa suna gaisawa da Rilwanu. Haka ledar ta yi ta rataya.

Bulo kuwa bai jira ba. Da motar da ta warke ya yi ta kwaso shi yana jibgewa a kango, ya kawo yashi. Gidan ya mutu. Kwanon da Rukayya ta aika aka mayar mata a rufe. Matan biyu, da ba su taɓa faɗa ba, suka koma ɗiban ruwa lokaci daban-daban don kada idanunsu su haɗu su yi kuka. Da na auna layin da Jalo ya zana da ƙafa, sai na ga katangar za ta bi ta tsakiyar ƙofar ɗakin Gwaggo.

Na sami Rilwanu na ce, "Kai wane irin mutum ne? Za a raba gidan ubanku saboda kalma ɗaya. Kowa ya san Gwaggo ce. Ka faɗa mana."

"Yaya Sabo, ta ce ko bayan ranta kada in faɗa masa. Na ce to. Kuma in na faɗa, kana ganin zai yarda?"

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Jalo ba ya yarda da bakin kowa, hancinsa kaɗai ne shaidar da yake karɓa, shaidar kuwa tana kwance ba lafiya. Sai na koma yaƙi da mura. Na kai masa citta da kanumfari da masoro, na kai tafarnuwa, na kai man shafawa mai zafi. Ya karɓa ya jujjuya, ya kai wa toshesshen hancinsa, ya miƙo mini abina.

"Tun da nake mura a duniya ba ka taɓa kawo mini magani ba," ya ce. "Me ya sa wannan ta dame ka?"

Na ce masa Allah ya ƙara masa wata, na tafi ina huci. Tsoro nake ji sosai, don na san in bulo ya hau bulo, ko hancin ya buɗe daga baya, girman kai ba zai bar shi ya rushe ba.

Ranar da magina suka zo na ƙi buɗe zaure, na tafi can na tsaya. An yi rana mai zafi bayan ruwan dare, kwanon kango ya ɗauki zafi tun da hantsi. Magina suka ja igiya a tsakar gida, suka fara kwaɓa siminti. Babbansu ya ce gara a fara fasa ƙofar kango don a sami hanyar shigo da bulo, ya nuna bangon da ledar ke rataye. "Alhaji, a cire mana wannan."

Babu wanda Jalo zai bari ya taɓa ta. Ya zo da kansa. Na lura tun safe muryarsa ta washe, ya daina jan hanci, amma na yi gum, don in na yi magana zai ce da wata manufa. Ya miƙa hannu ya sauko da ledar, ta yi ɗumi saboda zafin kwano. Kuma hannun nan, da ya shekara talatin yana aiki ɗaya ba tare da an sa shi ba, ya ɗaga ta ya kai hanci.

Ya tsaya. Ya sake ja. Sai na ga yana kwance ƙullin da haƙori, ya yaga leda ta biyu, ya zazzage layar a tafin hannunsa, ba filaya. Ya zauna a kan bulo ba tare da ya duba inda zai zauna ba. Ya daɗe yana juya ta. A kusurwa ɗaya fatar ta lotsa, da shatin 'yan ƙananan haƙora. Tasa ce, wadda ya tsinke ya ajiye mata a kan gado. Duk shekarun nan a kumbon turarenta ta ajiye ta.

"Malam, mu fasa?" in ji magini.

Jalo bai ko dube shi ba. Ya tashi ya shiga gida, ya tsallake igiyar da aka ja, ya tsaya a ƙofar sashen Rilwanu ya yi sallama. Na bi shi, ban damu da ko an gayyace ni ba. Rilwanu yana zaune a tabarma, Rukayya ta ajiye masa kunu bai taɓa ba.

Jalo ya buɗe tafin hannunsa. "Ba kai ka faɗa ba, ni na gane. Amanarka tana nan. Yanzu gaya mini, me ta ce?"

Rilwanu ya dubi ƙasa. "A hanyar dawowa daga asibiti ta sa na tsaya a gindin wata bishiya. Ta ce hanyoyin da kake bi ba su da kyau yanzu, ita kuma ba za ta daɗe tana yi maka addu'a ba. Ta ce in ɓoye a inda ba za ka gani ba. Ni ko bonet ban iya buɗewa ba, Yaya, sai da na yi ta lalube, tana ciki tana yi mini dariya. Shi ya sa muka daɗe. Ban san zai ɓata wani abu ba."

"Me ya hana ta ba ni da hannunta?"

Rilwanu ya kawar da kai.

"Faɗa mini."

"Na tambaye ta haka. Ta ce in ta ba ka, ba za ka ƙi karɓa ba, kana da ladabi. Amma sai ka shinshina tukuna. Ta ce ta gaji da juya kai."

Ban taɓa ganin Jalo yana kuka ba, ko ranar jana'izarta, kuma ranar ma ba zan ce kuka ya yi ba. Bakinsa ne ya yi ta motsi ba magana. Ya durƙusa a bakin tabarmar ƙaninsa, ya sa layar a aljihun 'yar ciki, wurin makulli. Ban tambaye shi ko ya canza ra'ayi a kan laya ba, har yau ban tambaya ba. Ni na fita na sallami magina, na ce su naɗe igiyarsu.

Da na dawo na tarar da su yadda na bar su. Haƙuri ba ya fita daga bakin Jalo da sauƙi, Rilwanu kuma ba zai nema ba. Sai Rilwanu ya ɗauki kofin kunun da ke gabansa ya miƙa wa yayansa. Jalo ya karɓa da hannu biyu. Rahmatu da Rukayya suna tsaye a bakin ƙofa, dukanmu muna kallon hannun nan yana tashi, ya wuce haɓa, ya nufi inda ya saba. Sai ya tsaya a hanya. Jalo ya runtse ido ya sauko da kofin bakinsa ya kurɓa.

Kunun da zafi, na ga ya ƙona shi. Bai sauke kofin ba sai da ya shanye.